Dukiya, Asali da Harshe a Littafin "The Great Gatsby"

Gabatarwa

F. Scott Fitzgerald ya fitar da wannan ƙagaggen labari a Amurka a shekarar 1925, aka juya shi zuwa Faransanci a 1926 da sunan "Gatsby le Magnifique". Manufarmu a wannan ɗan nazari ita ce mu nuna cewa bambancin matsayin jama'a a cikin littafin ya fi bayyana a harshen mutane bisa ga aljihunsu, sannan mu duba abin da wannan ke koya wa masu tsara kalmomin Hausa.

1. Wurare uku

Labarin ya gudana a shekarar 1922 a tsibirin Long Island, kusa da birnin New York. Marubucin ya raba mutanensa wuri uku. A East Egg masu dukiyar gado ke zaune, irin su Tom Buchanan da matarsa Daisy. A West Egg, tsallaken ruwa, sababbin attajirai ne, cikinsu har da Gatsby. A kan hanyar birni kuwa akwai kwarin da ake zubar da toka, inda bakanike George Wilson da matarsa Myrtle ke fama da talauci. Gatsby ɗan manoma ne daga Dakota ta Arewa. Sunansa na yanka James Gatz, ya sake shi yana ɗan shekara 17. Dukiyarsa ta samu ne ta hanyar sayar da barasa a ɓoye, a zamanin da doka ta hana ta, wato daga 1920 zuwa 1933. Burinsa shi ne ya maido da Daisy, wadda ya so tun yana soja marar ko sisi.

2. Harshe shaidar asali

Gatsby ya sayi gida da mota da tufafi, har da littattafan da ba a ko yanke shafukansu ba. Ya kuma ari wata kalmar kira ta manyan Ingila yana liƙa wa duk wanda ya yi magana da shi. Nick Carraway, mai ba da labarin, ya lura tun haɗuwarsu ta farko cewa mutumin na zaɓen kalmominsa da taka-tsantsan, kamar wanda ya koyi harshen da girma. Ranar da rigima ta ɓarke a otel ɗin Plaza, wannan kalma ce Tom ya kama, ya tambaye shi inda ya tsinto ta.

Misali mafi ƙarfi shi ne ranar da wasu mahaya dawaki, tare da Tom, suka biyo ta gidansa. Matar da ke cikinsu ta yi masa tayin cin abincin dare, abokin tafiyarta kuwa ba ya son zuwansa. Gatsby ya ɗauki tayin da gaske, ya shiga ɗauko riga, kafin ya fito sun tafi. Kowane Bahaushe ya san bambancin tayi da gayyata. Gatsby ya san ma'anar kalmomin, amma ƙa'idar da ke bayansu a gida ake tashi da ita, kuɗi ba su sayenta.

Haka ita ma Myrtle. Da ta shiga ɗakin da Tom ya kama mata a birni ta sake riga, sai muryarta ta sake, ta shiga kushe masu hidima. Daisy kuwa ba ta ari kome ba. Shi kansa Gatsby ya gane cewa arzikin gidansu a muryarta ake jin sa.

Ƙarshen labarin ya bi wannan rabo. Daisy ce ke tuƙi lokacin da mota ta kashe Myrtle, amma Gatsby ne Wilson ya harbe, sannan ya kashe kansa. Tom da Daisy suka yi tafiyarsu. Daga ɗaruruwan da suka ci suka sha a gidan Gatsby, mutum ɗaya ne ya zo jana'izarsa.

3. Matsalar kalmomi

Mu da muka yi karatu da Faransanci mun saba juya "classe sociale" da kalmar "aji". A kunnen mai koyon karatu a karkara, aji ɗakin makaranta ne. Ban da haka, in aka auna da kuɗi kaɗai, Tom da Gatsby ajinsu guda, labarin kuma ya rushe. Hausa na da abin da ya fi wannan: dukiya, asali, daraja. Gatsby na da ta farko, Tom na da biyun farko, ta uku ce ake jayayya a kanta. M. G. Smith, a nazarinsa na 1959, ya bayyana bambancin karda, sana'ar gado, da shigege, wadda mutum ya shiga da kansa. Gatsby shigege ne a cikin manya. Sai dai a yi hattara: a ƙasar Hausa ana faɗin wannan bambanci a fili, Amurka kuwa na da'awar babu shi. Wannan da'awa ce Gatsby ya gaskata, ita ce kuma ta halaka shi.

Kammalawa

Shawararmu ga masu shirya littattafan yaƙi da jahilci ita ce kada a ɗora wa kalma guda nauyin uku. A bar "aji" wa makaranta, a zaɓi dukiya ko asali ko daraja gwargwadon abin da ake nufi a kowane wuri.