Matsayin Malaman Musulunci a Kundin UNESCO na Hanyoyin Nazarin Tarihin Afirka: Sharhi da Tsokaci

Gabatarwa

Daga cikin kundayen da suka tattara maƙalun masana a kan yadda ake nazarin tarihi da rubuta shi, kaɗan ne suka yi tasiri a jami'o'in Afirka kamar juzu'i na farko na babban jerin tarihin Afirka wanda Hukumar UNESCO ta ɗauki nauyi. An ƙaddamar da aikin a shekarar 1964, daga baya aka ɗora shi a kan kwamitin masana 39, waɗanda kashi biyu cikin uku 'yan Afirka ne. Juzu'in farko, wanda ya keɓanta da hanyoyin bincike da tarihin zamanin da ya gabaci rubutu, ya fito da Faransanci a 1980, sannan da Ingilishi a 1981, kuma Joseph Ki-Zerbo na ƙasar Burkina Faso ne ya tace shi. Wannan maƙala za ta auna kundin ta fuska ɗaya: wane matsayi ya bai wa malaman Musulunci da suka rubuta tarihin wannan nahiya?

Abin da Kundin ya Cimma

Adalci ne a fara da ambaton falalarsa. An rubuta shi ne a lokacin da wasu manyan masana a Turai ke musun cewa Afirka tana da tarihin da ya cancanci nazari, kamar yadda Hugh Trevor-Roper na Jami'ar Oxford ya furta a 1963. Kundin ya mayar da martani da hujja. Bubu Hama na Nijar tare da Ki-Zerbo sun bayyana yadda al'ummun Afirka ke fahimtar zamani da wucewarsa. Jan Vansina ya shimfiɗa ƙa'idojin tantance labaran baka. Amadu Hampate Ba na Mali, almajirin Cerno Bokar, ya nuna cewa masu riƙe da ilimin gargajiya suna da ladubban riwaya, suna ambaton waɗanda suka karɓa daga gare su, kuma ƙarya tana zubar da darajar mai ita. Hisham Ju'aiɗ na Tunisiya ya bi rubutattun madogara kafin ƙarni na 15, Ivan Hrbek kuma ya ci gaba daga nan. Shi ma J. D. Fage, a babinsa na bunƙasar rubutun tarihin Afirka, ya jinjina wa Ibnu Khaldun jinjinar da ta dace da shi.

Giɓin da ya Rage

Duk da haka, tsarin kundin ya bar giɓi. Labaran baka sun samu babuka da suka tattauna hanyar tantance su da falsafar da ke ƙarƙashinsu. Rubuce-rubucen Larabci kuwa sun samu ƙididdiga da rarrabewa: wane littafi ne, na wane zamani, me za a iya tsinta a cikinsa. Tambayar da ta mamaye waɗannan babuka ita ce amfanin da masanin zamani zai samu daga littattafan. Babu babin da aka keɓe domin ƙa'idojin da marubutan da kansu suka bi wajen karɓar labari ko watsi da shi. Sakamakon haka, ɗalibi zai rufe littafin yana ganin malamin Tambutu ko na Sakkwato tamkar rumbun hatsi ne da ake ɗiba, alhali shi ma ma'auni ne da yake da mudunsa.

Wannan mudu kuwa sananne ne. Ilimin isnadi da na jarhi da ta'adili, waɗanda suka tsiro a hidimar Hadisi, sun shiga rubutun tarihi tun da wuri. Imam Ɗabari, wanda ya rasu a 923, ya bayyana a gabatarwar tarihinsa cewa yana kawo labarai ne da isnadinsu, kuma alhakin abin da ya zo baƙo a cikinsu yana kan masu riwaya. Ibnu Khaldun, a Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, ya ƙara mataki: kafin a binciki amincin mai riwaya, a fara duba ko abin da aka ruwaito mai yiwuwa ne bisa ɗabi'ar zamantakewar ɗan Adam. Da wannan ma'auni ya yi suka ga adadin mayaƙa 600,000 da Mas'udi da wasu suka jingina wa Banu Isra'ila. A ƙarni na 15 kuma, Kafiyaji da Sakhawi sun wallafa littattafai sukutum a kan ilimin tarihi da sharuɗɗan mai rubuta shi. Abin lura shi ne, sarƙar masu riwaya da Vansina ya gina hanyarsa a kanta tana da 'yar'uwa a wannan gado, amma kundin bai zaunar da su biyun a tabarma ɗaya ba domin a ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

Darasin Tarikhul Fattash

Illar wannan giɓi ta fito fili a labarin Tarikhul Fattash, ɗaya daga cikin manyan madogaran tarihin daular Songhai. Houdas da Delafosse sun buga shi a Faransa a 1913, aka daɗe ana jingina shi ga Mahmudu Ka'ati na ƙarni na 16. A 1971 Nehemia Levtzion ya nuna cewa an cusa wasu sassa a cikinsa daga baya. A 2020 kuma Mauro Nobili ya kafa hujja da rubutattun kwafe-kwafe cewa Nuhu bn Ɗahir, malami a daular Hamdallahi ta Masina, shi ne ya gina littafin a ƙarni na 19 a kan wani tarihi na ƙarni na 17, domin tabbatar da cewa Shehu Ahmadu Lobbo shi ne halifa na goma sha biyu da aka yi bushara da shi.

Muhimmin abu a nan shi ne cewa da'awar ba ta jira masanan ƙarni na 20 kafin ta gamu da suka ba. Lokacin da wasiƙar Nuhu ta iso ƙasar Hausa, Abdulƙadir bn Musɗafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, ya rubuta raddi yana ƙin amincewa da ita. Ke nan an yi tantancewa a cikin gida, da kayan aikin gida. Haka kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri na 1812, ya kawo wasiƙun Shehu Aminu Alkanemi na Barno tare da amsoshinsu, ya bar wa na baya hujjar abokin jayayyarsa. Mai nazarin da ya san waɗannan littattafai a matsayin ma'ajiyar bayanai kawai ba zai ga wannan aiki na hankali ba.

Jan Hankali ga Ɗalibai

Wannan suka ba ta nufin ɗalibin ilimin addini ya wadatu da abin da ya gada. Labarin Fattash kansa shaida ne cewa malami mai daraja yana iya rubutu domin hidimar mulki, kuma gano hakan ya buƙaci kwatanta kwafe-kwafe da bin tarihin kowane kwafi, wato irin horon da kundaye kamar na UNESCO ke koyarwa. Girmama magabata ba ya hana a tambayi dalilin da ya sa aka rubuta littafi, da wanda aka rubuta dominsa, da abin da marubucin ya yi shiru a kai. Ibnu Khaldun da kansa ya lissafa son ra'ayi da neman kusanci ga masu mulki cikin sabubban shigar ƙarya a tarihi.

Kammalawa

Kundin Ki-Zerbo ya cancanci ya ci gaba da zama a manhaja, domin ya 'yanta labaran baka daga raini, ya kuma tattara ƙwararru daga fannoni da dama a kan manufa ɗaya. Sai dai ya kamata a karanta shi tare da Muƙaddima da littafin Sakhawi, a kuma gwada ƙa'idojinsa a kan Infaƙul Maisuri da Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi na Gwandu. Babin da kundin ya rasa, wato na hanyoyin tantance labari a wurin malaman Bilad Sudan, nauyi ne da ya rataya a wuyan jami'o'in da ke da Larabci da rubutattun littattafan a hannunsu. Allah ne Mafi sani.