Inda Tarihi Ya Yi Shiru: Tsokaci a Kan Finafinan Amelia Earhart

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne. To amma ni a ganina akwai wata irin ƙarya da raminta ke da faɗi, wato wadda aka gina a bakin kabarin da babu gawa a cikinsa, domin kuwa babu mai tasowa ya ƙaryata. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in yi tsokaci a kan yadda masu shirya finafinai na Amurka suka riƙa sarrafa labarin Amelia Earhart, matuƙiyar jirgin saman nan da ta ɓace a Tekun Fasifik cikin 1937, sa'an nan in jawo hankalin malamaina da 'yan'uwana ɗalibai ga darasin da ke ciki, musamman mu da muka fito daga ƙasar Kabi, inda tarihi da tarihihi suke kwana ɗaki ɗaya.

Wace Ce Amelia?

An haifi wannan baiwar Allah a garin Atchison na Jihar Kansas ran 24 ga Yuli, 1897. Kafin ta san jirgi ta yi jinyar sojojin Yaƙin Duniya na Farko a wani asibiti a Toronto, daga baya kuma, bayan ta koyi tuƙi, ta koyar da baƙin haure Turanci a Boston. A 1928 ta ƙetare Tekun Atilantika cikin jirgi, amma a matsayin fasinja, wasu maza ke tuƙi. A watan Mayun 1932 kuwa sai ta ƙetare shi ita kaɗai cikin kimanin awa 15, ta zama mace ta farko da ta yi haka. A 1935 ta tashi daga Honolulu zuwa Oakland, nan ma ita kaɗai. Ita ce shugabar farko ta ƙungiyar mata matuƙa jirgi da ake kira Ninety-Nines, kuma Jami'ar Purdue ta ɗauke ta mai ba ɗalibai mata shawara kan zaɓen sana'a.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan labari ya yi mana nisa. A tafiyarta ta zagaya duniya, ta sauka Gao ran 10 ga Yuni, 1937, wato babban birnin Songhai ɗin nan da Kanta ya ɓalle daga mulkinsa wajen 1516, wanda ke bakin kogin Kwara, kogin da gulbinmu na Rima ke faɗawa bayan ya wuce Argungu da Birnin Kebbi. Kashegari ta tashi zuwa Fort Lamy, wadda ake kira Njamena a yau. Duk wanda ya aza rula a kan taswira tsakanin garuruwan nan biyu zai ga layin ya ratsa ƙasar Adar da Damagaram. Ashe mako uku kafin ɓacewarta, sararin samaniyar maƙwabtanmu ta keta.

Abin da Aka Tabbatar

Ran 2 ga Yuli ta tashi daga Lae ta Niyu Gini tare da mai lissafa mata hanya, Fred Noonan, cikin jirgi samfurin Lockheed Electra. Sun riga sun ci mil 22,000, saura kamar 7,000. Inda suka nufa shi ne tsibirin Howland, tazarar mil 2,556, ɗan tudun da tsawonsa bai kai mil biyu ba, a tsakiyar ruwan da ba shi da gaɓa. Jirgin ruwan gwamnatin Amurka mai suna Itasca yana can yana jiran ya yi musu jagora ta na'urar oba-oba. To, nan ne fa gizo ke saƙa. An bar doguwar eriyar jirgin a baya, daga ita har Noonan babu wanda ya ƙware da karanta bugun tangaraho, ba a kuma daidaita sosai kan mitar da za a yi magana a kai ba. Mutanen Itasca suna jin muryarta raɗau tana cewa mai ya yi ƙasa, ita kuwa kusan ba ta jin su. Da ƙarfe 8:43 na safe aka ji ta tana faɗin layin da suke bi, 157 da 337. Daga nan sai shiru. Aka yi fiye da mako biyu ana nema, aka kashe dala miliyan 4, ba a ga ko tsinke ba. Ran 5 ga Janairu, 1939 kotu ta ayyana ta a matsayin matacciya.

Iyakar tarihi ke nan. Abin da ya biyo baya duk aikin masu cike gurbi ne, kuma kowane zamani da irin ƙasar da ya zuba a ramin.

Fim na Lokacin Yaƙi

Na farko shi ne Flight for Freedom, wanda kamfanin RKO ya fitar a 1943, Rosalind Russell ta fito a matsayin tauraruwa. An sauya mata suna zuwa Tonie Carter, amma ko makaho ya shafa ya san wadda ake nufi. Jigon fim ɗin shi ne wai sojojin ruwa ne suka roƙe ta ta ɓace da gangan, domin su sami hujjar shiga neman ta su ɗauki hotunan tsibiran da ke hannun Japan. Da ta gane Japanawa sun san da shirin, sai ta kifa jirginta cikin teku don kishin ƙasa.

Ta fuskar zubi da tsari fim ɗin bai da laifi, yana riƙe mai kallo. Ta fuskar gaskiya kuwa farfaganda ce tsagwaronta, aka yi ta ana tsakiyar yaƙi da Japan bayan harin Pearl Harbor na 1941. Abin takaicin shi ne Amelia mace ce da aka sani da ƙyamar yaƙi tun da ta ga raunukan sojoji a Toronto, sai ga shi an ɗauki inuwarta an sa mata kakin soja. Kuma wannan fim ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa jita-jitar leƙen asiri da har yanzu ba ta mutu ba. Duk wanda ke cewa fim ai wasa ne kawai, to ya dubi wannan.

Finafinan Talabijin

A 1976 gidan talabijin na NBC ya nuna Amelia Earhart, Susan Clark ta fito a matsayinta. Zamani ne da matan Amurka ke fafutukar neman haƙƙinsu, saboda haka sai aka ba rayuwarta fili tun daga ƙuruciya, har da malamarta ta farko, Neta Snook, wadda ita ma mace ce. Tafiyar fim ɗin tana da nauyi, wani wuri har ya kan yi kama da lacca, amma a cikin dukkansu shi ne wanda mai kallo zai tashi ya san abin da matar ta yi da shekarunta, ba yadda ta ƙare su kaɗai ba.

Na 1994, The Final Flight, wanda Diane Keaton ta ja, ya juya akalar. Zamanin tone-tonen asirin manya ya zo, sai aka shiga neman mai laifi. Mijinta George Putnam ya zama ɗan kasuwa mai tura matarsa ga halaka don talla, Noonan kuma ya zama mashayi. Ban ce babu ƙamshin gaskiya ba, domin Putnam gwanin talla ne na gaske. Sai dai babu tabbatacciyar shaida cewa Noonan ya bar Lae a buge, alhali shi ne ya taimaka wajen shata wa kamfanin Pan American hanyoyinsa na Fasifik. An ɓata sunan mamaci don labari ya yi armashi. Bugu da ƙari, in aka ce miji ne ya tura ta, to an ƙwace mata ikon yanke shawara, an mai da ita raƙumi da akala.

Fim ɗin 2009

Mira Nair ce ta ba da umarni a Amelia na 2009, Hilary Swank da Richard Gere suka ja ragama, aka kashe wajen dala miliyan 40, kasuwa kuwa ba ta mai da ko uwar kuɗi ba. Swank ta yi kama da ita har abin ya ba da mamaki, tufafi da jirage sun yi kyau matuƙa. Amma kamar kwalliyar amarya ce a jikin gunki. An cinye lokaci a kan wa take so tsakanin Putnam da Gene Vidal, sai ka ce fim ɗin soyayya irin na Indiya da aka cire wa waƙa. Afirka kuma ado ce kawai da ake hange daga sama, a Afirka ta Kudu ma aka ɗauki hotunan. Mutanen da suka share filayen sauka, suka mirgino gangunan mai a garuruwa irin su Gao, ba su da wani gurbi na a zo a gani.

Duk da haka, ƙarshen fim ɗin ya cancanci yabo. An tsaya a kan abin da littafin Itasca ya rubuta: ga murya tana kira, ga masu sauraro gumi na karyo musu, ga ma'aunin mai yana sauka. Ba a kawo Japanawa ba, ba a ƙirƙiro tsibiri ba. Inda tarihi ya yi shiru, fim ya yi shiru. A wurina waɗannan mintoci sun fi sauran fim ɗin duka ƙarfi, dalili kuwa shi ne mai ba da umarni ta amince cewa gaskiya ta ishi mai kallo.

Akwai kuma masu ban dariya. A 1995 shirin Star Trek: Voyager ya ce wasu halittu na wata duniya ne suka sace ta. Wannan ban da ja da shi, domin ya fito fili a matsayin almara, kamar yadda kaka kan rufe tatsuniya da ƙurunƙus, ta ɗora wa Gizo alhakin ƙaryar. Wanda ya fi haɗari shi ne mai sa rigar malamai. A 2017 tashar History ta nuna wani hoto da ta ce Amelia ce da Noonan a hannun Japanawa a tsibirin Jaluit. Cikin 'yan kwanaki wani Bajapane mai binciken tarihi ya gano hoton a littafin da aka buga tun 1935, shekara biyu kafin tafiyar. Haka ma a 2024 wasu suka ce sun hango jirgin a ƙarƙashin teku, daga baya ya tabbata dutse ne.

Namu na Gida

Can ƙetaren iyaka daga Kangiwa, a ƙasar Arewa kusa da Dogon Dutsi, akwai ƙauyen Lugu, inda Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilun 1899. Ita ma ƙarshenta a lulluɓe yake, har wasu riwayoyin baka suna cewa rikiɗa ta yi damisa ta shige daji. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ɗan Muritaniya ya mai da shi fim a 1986, aka ɗauke shi a Burkina Faso, ya kuma ci babbar lambar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Shi ma Hondo ya ƙara gishiri, ya kambama ta fiye da yadda takardun Faransawa suka ambace ta. Amma dubi inda ya aza nauyin labarinsa: a kan tsayuwarta, da ta'asar da rundunar ta yi wa talakawa, da yadda sojojin suka juya wa shugabanninsu baya suka kashe su. Bai mai da ɓacewarta jari ba. Mai kallo zai tashi yana tambayar me ta yi, ba ina ta shiga ba.

Wannan shi ne ma'aunin da nake ganin ya kamata mu riƙe. A ajin adabin baka an koya mana bambancin tarihi da tarihihi da almara da tatsuniya, kuma kowanne yana da mutuncinsa muddin ya amsa sunansa. Matsalar fim ita ce yana iya dama su duka a ƙwarya ɗaya, ga shi kuma abin da ido ya gani ya fi wuyar gogewa a kan abin da kunne ya ji.

Kammalawa

Cikin masu karanta wannan mujalla akwai waɗanda gobe za su rubuta wa masu shirya finafinanmu labari. Wani zai shiga Gidan Tarihi na Kanta a Argungu ya fito da niyyar yin fim a kan ginin Surame. Wata za ta so ta ba da labarin Kyaftin Chinyere Kalu, wadda ta koyi tuƙi a Kwalejin Jiragen Sama ta Zariya har ta dawo ta shugabance ta, ko na Kyaftin Hadiza Lantana Oboh ta kamfanin Nigeria Airways, wadda aka kashe a gidanta a Legas cikin 1998. Ranar da aka zo yin fim ɗin Hadiza, ɗan kasuwa zai ce a fara da kisan a ƙare da shi, domin shi ke sayuwa. Roƙona ga marubucin shi ne ya tuna da yarinyar da ke kallo a Gwandu ko Jega ko Augie. In an nuna mata awoyin da matar ta yi tana karatun taswira da lissafin mai, za ta ga hanya. In kuwa gawa kaɗai aka nuna mata, to an gaya mata a fakaice cewa ƙarshen mace mai tashi sama ke nan, gara ta zauna.

Amelia ta yi shekara 16 tana tuƙa jirgi, ta ɓace cikin safiya guda. Adalcin da ke wuyan mai fim shi ne ya raba lokacinsa gwargwadon haka. Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa, ƙofa kuma a buɗe take ga mai wani ra'ayi a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace, amin.