Gwanayen Bin Sawu na Ƙasar Arlit

A shekarar 2002 wani kamfanin Amurka mai suna Legacy Interactive ya fitar da wasan kwamfuta da ya gina a kan shirin talabijin ɗin nan Law & Order, wanda tashar NBC ta fara nunawa tun 1990. Tsarin wasan irin na shirin ne. A rabin farko kai ne ɗan sandan ciki: ka je inda aka tsinci gawa, ka tattara abin da idonka ya gani, ka yi wa mutane tambayoyi. A rabi na biyu kai ne mai gabatar da ƙara, ka tsaya gaban alƙali da abin da ka tara. Shekara ta zagayo kamfanin Ubisoft ya fitar da nasa a kan shirin CSI, wanda masu kallon tashoshin Faransa suka fi sani da Les Experts. A 2012 kuma Criminal Case ya shigo Facebook daga wani kamfani na birnin Paris, daga baya ya sauka cikin wayoyin hannu, inda yaro zai zura wa hoton hargitsattsen ɗaki ido yana neman wuƙa ko safar hannu.

Wasanni ne masu daɗi, ba kushe su nake yi ba. Sai dai duk suna yi wa mai wasa rangwame ɗaya babba: shaidar tana zaune tana jiransa. Wanda ya tsara wasan shi ya ajiye ta, shi ya ƙidaya ta, kuma ya tabbatar tana kaiwa ga mai laifi. Ko ka ajiye wayar ka tafi sallah ka dawo, tana nan inda ka bar ta. A ƙasar Arlit akwai masu bincike da ba a yi musu wannan rangwame ba, su ne masu bin sawu, kuma tasu shaidar iska ce ke cin ta tun suna kallo.

Arlit gari ne na jiya jiya. An kafa shi a 1969 saboda yuraniyom, kamfanin SOMAIR ya fara fitar da ma'adinin a 1971, sannan Akokan ta tashi kusa da shi saboda ma'adinin COMINAK, wanda ya fara aiki a 1978 aka rufe shi a ƙarshen Maris na 2021. Amma filin da aka dasa garuruwan nan, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, tsakanin duwatsun Abzin a gabas da filayen Talak da Tamesna a yamma, tsohon wurin kiwon Abzinawa ne. Mutumin da dukiyarsa raƙuma ce, kuma raƙuman nan sakinsu ake yi su yi kiwo ba shinge ba makiyayi a gindinsu, dole ya iya karanta ƙasa, in ba haka ba ya wayi gari ba shi da komai.

Mu ɗauka wani makiyayi a zangon da ke bayan gari ya tashi da asuba ya tarar taguwarsa ba ta nan. Aka kira gwani. Abu na farko da zai ce shi ne kowa ya tsaya inda yake, yara kada su yi gudu, kada a saki awaki. Ba ya yarda rana ta take kafin ya fara, domin hasken safe yana zuwa ne a kwance, yana zuba inuwa cikin kowane ɗan rami. Da tsakar rana kuwa ƙasa takan zama fari fat, sawu ya baje. Yakan sa sawun tsakaninsa da rana, ya sunkuya, wani lokaci ya tsuguna har haɓarsa ta kusa taɓa gwiwa. Ba ya ɓata lokaci a tsakiyar zango inda ƙafafu suka haɗu suka dagule. Fita yake yi can nesa ya kewaye wurin baki ɗaya, yana neman inda sawu ɗaya ya ratsa da'irarsa ya fita.

Tafin raƙumi faffaɗa ne mai laushi, yatsu biyu da ƙananan farata a gaba, na ƙafar gaba ya fi na baya girma saboda a nan nauyin jiki ya fi sauka. Ga baƙo duk ɗaya suke. Ga wanda ya tashi cikinsu, wannan tana da tsaga a gefen tafin hagu, waccan tana ɗan jan ƙafar baya, wancan amalen yana buɗe yatsu in ya taka. Raƙumin da ya saba da duwatsun Abzin tafinsa ya goge ya yi tauri, wanda ya tashi a rairayi kuwa nasa ya fi taushi, kuma ƙasa tana nuna bambancin. To da waɗannan alamu gwani zai ware sawun taguwar daga na sauran garke.

Daga nan ne aikin yake daɗi. Raƙumin da ya tafi don kansa ba ya miƙewa. Daga wannan itaciyar ƙaya zuwa waccan aduwar yake yi, ya ɗan tsinka nan ya tsaya can, in da dabaibayi a ƙafarsa takunsa gajeru ne a jere. Wannan taguwa kuwa ta miƙe sak ba ta waiwayi itace ko ɗaya ba, ta wuce ganye ɗanye ba ta taɓa ba. A gabanta ta hagu ga sawun takalmin roba, dunduniyar dama ta cinye ta waje. Can gaba kaɗan, bayan wani tudu da ya kare su daga idon zango, ga wurin da aka gurfanar da ita: gurbin gwiwoyi, da faffaɗan gurbin ƙirji a tsakiya. Daga nan sawun mutum ya ɓace, nata kuma ya ƙara nutsewa, takun ya buɗe, yashi yana fantsama daga bakin yatsu. Sai gwani ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "Malam, taguwarka ba ɓata ta yi ba, janta aka yi. Mutum ɗaya ne. A nan ya hau, kuma sauri yake yi."

Saura tambayar da ta fi kowace wuya: yaushe? Nan ne wasan kwamfuta ba shi da abin cewa, domin a cikinsa lokaci ba ya taɓa shaida. Sabon sawu bakinsa kaifi gare shi, ƙasar cikinsa kuma launinta ya ɗan bambanta da na kewaye. Da iska ta fara kaɗawa sai bakin ya zube, ƙura ta kwanta a ciki. Saboda haka gwani yana riƙe da lissafin iska a kansa, ya san jiya da wane lokaci ta tashi, da wane lokaci ta kwanta. Yana kuma duba wa ya taka wa. Buzuzu da ɓeran daji da dare suke yawo, ƙadangare sai rana ta yi zafi. In layin ƙafafun ƙwaro ya ratsa ta kan sawun taguwa, ta riga shi wucewa, ke nan tun dare bai raba ba aka tafi da ita. In ita ta taka nasa, to gab da asuba ne, ɓarawon bai yi nisa ba. Kashinta ma zai ɗauka ya fasa da yatsa, ya ga iya inda bushewa ta kai, ya ga abin da ke ciki: 'ya'yan itacen daji ne ko dusar gari.

Abin da ya fi burge ni ga gwani na ƙwarai shi ne yadda yake raba abin da ya gani da abin da yake zato. Yaro mai zafin kai zai ce, "Baba, ai wannan takalmin wane ne, mu je gidansa." Tsohon zai ce a'a, takalmi irin wannan buhu-buhu ake sauke shi a kasuwa, abin da na sani shi ne mai shi yana cinye dunduniya ta waje kuma ya san raƙumi, tun da ta gurfana masa ba gardama. Iya nan ilimina ya tsaya.

Wannan sana'a tana da tsohon tarihi, malamanmu kuma sun san ta da sunan ƙiyafa. Ya zo a Sahihu Muslim cewa lokacin da wasu mutane suka kashe makiyayi suka kore raƙuma a Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika samari a bayansu tare da mai bin sawu. Littattafan tarihin Larabawa kuma sun kawo labarin 'ya'yan Nizar su huɗu, Mudar da Rabi'a da Iyad da Anmar, waɗanda suka haɗu da mai cigiyar raƙumi a hanyarsu ta zuwa Najran. Ɗaya ya tambaye shi ko raƙumin ido ɗaya gare shi, ɗaya ya ce ko yana karkata gefe, ɗaya ya ce ko guntun wutsiya ne, na huɗu ya ce ko mai gudun mutane ne. Mutumin ya ce lalle ku kuka ɗauke shi, ya bi su har gaban mai hukunci. A can suka yi bayani: ciyawar gefe ɗaya kawai aka ci, sawun ƙafa ɗaya ya fi na ɗayar nutsewa, kashin a tare yake wuri ɗaya, da akwai wutsiya da ta watsa shi, dabbar kuma tana barin wuri mai ciyawa ta koma inda babu. Aka sallame su. Irin wannan labari ya bi ta Farisa ya shiga Turai, marubucin Faransa Voltaire ya sa makamancinsa a littafinsa Zadig a 1747, ya mai da raƙumin doki da karya, kuma masu nazarin adabi da yawa suna lissafa wannan babi cikin kakannin labaran jami'an bincike. In haka ne, ɗan sandan da ke cikin wayar yaron Akokan jikan mai bin sawun raƙumi ne.

A lura da abu ɗaya a labarin 'ya'yan Nizar: gwaninta ce ta fara jefa su hannun shari'a. Sawu yana kai mutum ƙofar gida, ba ya faɗin sunan wanda ya shiga. A Panjab zamanin mulkin Ingila har doka aka yi cewa ƙauyen da sawun dabbar sata ya shiga, in bai nuna inda ya fita ba, shi zai ɗauki nauyi. A Nijar ta yau ba haka ba ne. Sarakunan gargajiya da shugabannin rugage suna da ikon sulhu a rigingimun al'ada, amma satar dabbobi laifi ne da ke hannun jandarmomi da mai gabatar da ƙara, kuma Arlit tana da babbar kotu tata. Maganar mai bin sawu takan buɗe hanyar bincike. Abin da ke ɗaure mutum shi ne a kama dabbar a hannunsa, ko shaidu, ko ya amsa da bakinsa. Na ga wannan daidai ne. Ido komai kaifinsa na mutum ne, yana da dangi yana da abokan gaba.

Yau ba raƙumi kaɗai ake bi ba. Tun da aka gano zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, ga kuma masu ƙetarawa Aljeriya ta Asamaka, dajin ya cika da sawun Hilux da babura. Idon da ya koyi tafin taguwa shi ne ke gane tayar da aka rage wa iska don rairayi, da motar da ta yi lodi fiye da kima, da inda ta kafe aka tura, da ɗigon baƙin mai da ke nuna ba za ta yi nisa ba. A nan batun ya wuce dukiya. A Oktoba 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. A warwatse aka same su, ƙungiya-ƙungiya. Mutanen da mota ta mutu musu sukan bazu da ƙafa neman rijiya, kuma a irin wannan hali wanda zai iya duban ƙasa ya ce mutum nawa suka bi nan, tun yaushe, har da yaro a cikinsu, shi ne ke raba ceto da jana'iza.

Akwai kuma sawun da ya fi ƙarfin kowane ido a garuruwan nan. Tururin yuraniyom ba ya barin gurbi a yashi. Sai da ƙungiyar Aghir In'man ta Almustafa Alhasan ta jawo masana na CRIIRAD daga Faransa a 2003, sannan Greenpeace ta zo a 2009 da na'urorin awo, aka nuna tarkacen ƙarfe da wasu titunan Akokan da ke fitar da shi fiye da ƙa'ida. Wannan aikin na'ura ne da ɗakin gwaji, irin na su Les Experts, kuma ba gwanin da zai yi musu.

Bin sawu ba shi da makaranta. Yaro ne ake tashinsa kowace safiya a ce je ka kawo raƙuma, ba a gaya masa inda suke ba. Shekara da shekaru yana kuskure yana dawowa da ƙishirwa, har ya kai ga sanin sawun kowace dabba ta gidansu da na maƙwabta, ya san na mahaifiyarsa a bakin rijiya cikin na mata ashirin. Farin 1973 da na 1984 sun karkashe garkuna sun turo iyalai da yawa gefen Arlit da Agadas, kuma yaron da ya tashi a unguwa ba a aika shi wannan aike.

Ɓarayi ma ba barci suke yi ba. Wani ya ja reshe a bayansa, wanda wauta ce, domin sharar reshe a fili ta fi sawun fitowa. Wani ya juya takalmi gaba ya koma baya, ya manta cewa nauyin jiki bai juya ba. Mai wayo shi ne ke bi ta kan dutse, ko ya kutsa cikin garken da ke shan ruwa a rijiya inda ɗaruruwan ƙafafu suka tattake ƙasa. Maganin duka ɗaya ne: gwani ya bar wurin ya sake buɗe da'ira, ya kewaye dutsen ko rijiyar har ya tsinci inda sawun ya fita, tun da taguwa ba ta tashi sama. Dabarar da ke karya shi ita ce mota. In aka kai dabbar bakin hanyar Tawa zuwa Arlit aka loda ta, sawu ya ƙare a gurbin gwiwoyi kusa da na taya. Daga nan sai a koma ga shaidar wutar da ke wuyanta ko cinyarta, a ɗauko waya a buga wa dillalan kasuwannin Agadas da Ingal da Abalak, a siffanta musu ita tun kafin ranar kasuwa.