Gwanayen Rubuta Hujjar Farashi Tsakanin Kamfanoni 'Yan Gida Ɗaya

Idan uba ya sayar wa ɗansa buhun gero, babu mai ɗaukar kuɗin da suka yi ciniki a matsayin farashin kasuwa. Yana iya rangwanta masa, yana iya tsawwala masa, tunda kuɗin a gida ɗaya zai kwana. Haka lamarin manyan kamfanonin duniya yake. Kamfani guda yana da rassa a ƙasashe da dama, rassan kuma kullum cikin cinikayya suke da juna: wannan ya sayar wa wancan kaya, wancan ya ba wannan bashi, wani ya karɓi ladan amfani da sunan kamfani. Farashin da suka sa wa juna shi ke nuna ƙasar da riba za ta sauka, inda ta sauka kuma nan ake biyan haraji.

A shekarar 2012 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya bankaɗo cewa Starbucks, mai sayar da gahawa, fam miliyan 8.6 kacal ya biya na harajin riba a Birtaniya cikin shekara 14. A lokacin, reshensa na Birtaniya yana tura kashi 6 cikin ɗari na cinikinsa zuwa Holan a matsayin ladan suna, gahawar kuma ta hannun wani reshe da ke Suwizalan ake sayenta. Irin wannan ne ya sa ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD da ƙasashen G20 suka tsaurara ƙa'ida a 2015. Tushen ƙa'idar tsoho ne: 'yan gida ɗaya su yi ciniki a kan farashin da bare da bare za su yi. Abin da aka ƙara shi ne takardu uku na hujja. Akwai babban kundi mai bayyana tsarin kamfanin a duniya baki ɗaya. Akwai kundin ƙasa mai fayyace cinikin reshe guda da 'yan uwansa. Sai rahoton ƙasa-ƙasa, wanda ke kan kamfanonin da cinikinsu na shekara ya kai yuro miliyan 750, inda ake jera kuɗin shiga da riba da haraji da yawan ma'aikata na kowace ƙasa.

Wanda bai sani ba zai ɗauka rubuta waɗannan takardu cike fom ne kawai. Gwanin wannan aiki kuwa ba daga lissafi yake farawa ba, daga tambaya yake farawa. Yakan zauna da manajan sito, da mai kula da tallace-tallace, da injiniyan masana'anta, yana neman amsar abu uku: wa ke yin aikin, kadarar wa ake amfani da ita, kuma idan asara ta zo wa ke ɗaukarta? Kwangila tana iya cewa wani ofishi a Dubai ne ke da alhakin kaya. To, idan kayan sun lalace a tashar jirgin ruwa, wa ake bugawa waya? Wa ke yanke shawarar rage farashi? Idan amsa ta nuna ma'aikatan reshen da ke Legas ne, gwani ya san takarda da gaskiya sun raba hanya, kuma jami'in haraji gaskiyar zai bi. Sai ya gaya wa masu kamfani tun kafin hukuma ta gaya musu.

Daga nan sai zaɓen ma'auni. Hanyoyi biyar aka amince da su. Mafi sauƙin fahimta ita ce a samo irin kayan nan sak da aka sayar wa bare, a gwada farashi da farashi. Wannan yana yiwuwa ga alkama ko ɗanyen mai, amma ina za a samo bare da ya taɓa sayen sunan Coca-Cola? A nan sai a koma gwada riba da riba, ko a raba ribar gwargwadon gudummawar kowane reshe. Gwani ba ya zaɓen hanya don ta fi daɗi ga mai biyansa. Yana zaɓen wadda ta fi dacewa, sannan ya rubuta dalilin da ya sa sauran ba su dace ba.

Inda haƙurinsa ke fitowa shi ne wajen neman kamfanonin kwatanci. Yakan shiga rumbun bayanai irin su Orbis, ya fara da ɗaruruwan kamfanoni, ya riƙa tacewa. Wannan reshen wani ne, a fitar. Wannan sana'arsa ta sha bamban, a fitar. Wannan shekara da shekaru yana asara, a fitar. Kowane da aka cire sai an rubuta dalili. 'Yan kaɗan da suka rage ana jera ribarsu, a zubar da rubu'in sama da rubu'in ƙasa, a riƙe na tsakiya ya zama mizani. A Afirka aikin ya fi wuya, domin kamfanoni masu zaman kansu da ke bayyana asusunsu ba su da yawa. Dole a aro na wasu yankuna, a yi gyara saboda tsadar bashi da faɗuwar darajar kuɗi, kuma a iya kare gyaran a gaban wanda ke neman kuskure.

Nijeriya ta kafa nata ƙa'idojin a 2012, ta sabunta su a 2018, ta sa naira biliyan 160 a matsayin mizanin rahoton ƙasa-ƙasa. A Fabrairun 2020 kotun sauraron ƙararrakin haraji a Legas ta yanke hukuncin farko a wannan fanni, tsakanin kamfanin Prime Plastichem da hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS. Kamfanin ya yi amfani da wata hanya a 2013, ya sauya wata a 2014, bai gamsar da kotu ba, aka tabbatar masa da harajin sama da naira biliyan 1.7. A Amurka ma, kamfanin magunguna na GlaxoSmithKline ya biya kusan dala biliyan 3.4 a 2006 don kashe irin wannan rigima.

Abin burgewa a wannan sana'a shi ne mutum guda ya haɗa ilimin akawu da na lauya da na masanin tattalin arziki, sannan ya iya rubutu. Yana rubuta wa jami'in da bai taɓa shiga masana'antar ba, wanda wataƙila sai bayan shekaru zai buɗe kundin, lokacin da waɗanda suka yi cinikin sun bar aiki. Idan kundin ya yi kyau, kamfani ya tsira daga biyan haraji sau biyu a kan riba ɗaya, ƙasa kuma ta samu haƙƙinta. Matasanmu masu karatun akanta da shari'a su karkata ga wannan fanni, domin kamfanoni suna neman masu rubuta wannan hujja, hukumomin haraji kuma suna neman masu iya karanta ta.