Wanda Ya Tafi Da Wanda Aka Bari: Sharhi A Kan Labaran Tafiya A Adabinmu

A zangon karatun da ya wuce mun ba ɗalibanmu na babbar sakandare aikin insha'i mai taken "Tafiyar Da Ba Zan Manta Da Ita Ba." Kamar yadda muka zata, mafi yawansu Kano suka kai mu. Wannan ya ga gadar sama, wancan ya shiga Kantin Kwari ya ɓace, wani kuma an kai shi gidan zu ya ga giwa. Sai wata yarinya daga wajen Rogo ta kawo mana labarin tafiyar da ba ita ta yi ba. Wan kakarta ne ya fita da ƙafa zuwa Makka tun yana saurayi, ya tsaya a Sudan neman guzuri, ya yi aure a can, bai dawo ba. Har yau akwai wata 'yar gona a bayan garinsu da ake nomawa amma ba a sayarwa, domin rabon gadonsa ce, kuma tsohuwar ta hana a taɓa ta. Rubutun yarinyar cike yake da kurakuran ƙa'ida, mun kuwa ja jan biro a ƙarƙashin kowanne, amma shi kaɗai ne muka karanta sau biyu.

Wannan shi ya sa muka koma kan kantarmu ta littattafai da tambaya guda: a cikin abin da Hausawa suka rubuta game da zama a ƙasa mai nisa, ina aka ajiye irin wannan gona? Wato ina labarin abin da matafiyi ya ci da safe, da wanda ya bari a gida, da yadda zumunci ke tsinkewa ko ya ƙi tsinkewa?

Mu fara da wanda ya riga kowa. Dorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram da aka kama bauta, aka kai shi Kukawa, ya faɗa hannun Turawan nan masu yawon binciken ƙasa, har Barth ya tafi da shi Ingila a 1855 tare da Abbega. A can wani malamin mishan mai suna Schön ya rubuta labarinsa daga bakinsa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Abin da ya ba wannan labari daraja har gobe shi ne idon yaro. Dorugu bai je Ingila don ya koyo darasi ya kawo wa kowa ba. Ya zuba ido ne a kan yadda Turawa ke zama a tebur su ci abinci, da irin suturarsu, da sanyin ƙasarsu, kuma kafin duk wannan ya ba mu gidansu da iyayensa da ranar da aka raba su. Saboda mun san abin da ya rasa, shi ya sa duk abin da ya gani a can yake da nauyi. Daga baya ya dawo, ya koyar a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano, ya rasu a 1912. Sai dai kada mu manta, alƙalamin ba a hannunsa yake ba, kuma mai rubutawar nahawun Hausa yake nema.

Da muka zo kan waɗanda suka riƙe alƙalami da kansu, sai abu ya sake. Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, cikin ayarin editocin jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano shi ma ya ba mu Motsi Ya Fi Zama a 1955. Ba mu da bakin da za mu raina Hausar Imam, mu da muke koyar da ita a aji. Amma sunayen littattafan nan biyu sun riga sun faɗi nufinsu. Marubutan sun tafi ne a matsayin idon jama'a, su gano yadda wasu suka ci gaba, su dawo su farkar da na gida. Wannan aiki ne babba a zamaninsa. Illarsa ita ce baƙon hukuma inda aka kai shi nan yake gani, kuma mai tikitin dawowa a aljihu bai san ciwon baƙunta ba. Bahaushen da ya shekara talatin a ƙasar wasu yana biyan kuɗin haya, ya aurar da 'ya'ya a can, ya binne mata a can, ba za a same shi a irin wannan littafi ba.

A ganinmu Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya, shi ne ya fi kusantar abin da muke nema, ko da yake ƙagaggen labari ne. An sace Umar yana ƙarami, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim a Kano, aka ƙetara da shi hamada zuwa Ber Kufa, ya yi karatu ya zama malami. Uwarsa kuwa ta fita nemansa, aka yaudare ta, ita ma aka bautar da ita, ba su sadu ba sai da ƙarfinta ya ƙare, ta rasu jim kaɗan bayan ta gan shi. Duk wanda ya karanta littafin nan ko ya kalli fim ɗinsa na 1976, uwar ce ke zauna masa a rai. Ita ce igiyar da ta ɗaure Kagara da ƙasar Larabawa.

To amma a nan ma muna da ƙorafi, kuma tun muna ɗalibai muke da shi. Shekarun da Umar ya yi a Ber Kufa, waɗanda su ne tsakiyar rayuwarsa, marubucin ya bi ta kansu da sauri kamar mai tsoron dare ya yi masa. Yaro Bahaushe a gidan Larabawa, yaya ya yi da harshe? Yaran unguwa sun tsokane shi saboda launin fatarsa? Wane abinci ne ya fara ƙi, yaushe ya saba? Da wane harshe yake mafarki? An nuna mana ilminsa da haƙurinsa, domin manufar littafin ke nan, a nuna mutumin kirki mai tawakkali. Amma mutumin kirki ma yana kewar tuwo. Kuma abin mamaki, tunanin uwar bai taso masa da ƙarfi ba sai can da ya girma, kamar an ajiye ta a rumbu sai lokacin da labari ya buƙace ta. Wanda ya taɓa zama da maraya ya san ba haka abin yake ba.

Littattafan soyayya da suka cika kasuwar Kano daga ƙarshen shekarun 1980, da magadansu da ake karantawa a waya yanzu, ba za mu daɗe a kansu ba. A cikinsu ƙasar waje ado ce kawai, kamar labule. Saurayi ya tafi Landan karatu a shafi na goma, ya dawo a shafi na goma sha biyu da digiri da mota. Amarya an je Dubai an haɗo mata lefe. Ba a ga ɗakin da ya kwana ba, ba a ji wanda ya yi masa aski ba. Marubucin bai je ba, ba laifi ba ne, amma bai kuma tambayi wanda ya je ba.

Alhali kuwa kayan aikin suna nan zube a ƙofar gidanmu. Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Bayansu kuma ga maniyyata masu tafiyar ƙasa, shekara da shekaru: daga Kano zuwa Maiduguri, a ƙetara Njamena, a bi ta Abashe, a shiga Darfur ta Jinaina, a kai Al'ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa, daga nan sai Sawakin ko Fot Sudan a jira jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar takan ci shekaru, domin a hanya ake neman kuɗinta. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, sai ƙwadago ya samu, mutane da yawa suka tsaya "na ɗan lokaci," ɗan lokacin ya zama jikoki. Wani masani ɗan Gana, Bawa Yamba, ya rubuta littafi sukutum a kansu da Turanci a 1995, inda ya nuna yadda waɗanda aka haifa a can ma suke ɗaukar kansu matafiya ne da ba su ƙarasa ba. 'Yan ƙasa suna kiransu Fallata ko Takari. Tsiren da ake sayarwa a titunan Hartum sunansa agashe, kuma duk Bahaushen da ya ji kalmar ya san daga bakin wa ta fito.

A ƙasar Karaye da Rogo da wuya ka zauna da dattawan unguwa hira ta yi nisa ba a ambaci wani da ya yi gabas ba. Mu kanmu muna da namu. Muna yara, wajen tsakiyar shekarun 1990, wani alhaji ya dawo da kaset da aka ba shi a Makka ya kawo gidanmu, daga ƙanin kakanmu da ke zaune a wajen Wad Madani. Aka tara gida bayan sallar isha, aka sayo batir sabo. Muryar tsoho ce, Hausarsa irin ta da, wadda mu yara muka riƙa yi wa dariya saboda Larabcin da ke faɗowa cikinta. Ya gai da mutane ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, fiye da rabinsu sun riga mu gidan gaskiya, kuma duk sunan da ya kira sai wata tsohuwa ta amsa a madadin mamacin. Ya roƙi a aika masa daddawa da kuka in an sami mai zuwa. Sa'an nan ya tambayi wa ke noma fadamarsu ta bakin kogi, bai san ruwan madatsar Challawa da aka gama a 1992 ya shanye ta ba. Da aka zo ɗaukar amsa, an yi gardama mai tsawo a kan a faɗa masa ko a ɓoye. Aka ɓoye.

Ya 'yan'uwa marubuta, a cikin wannan dare guda akwai abin da ya ishi littafi. Akwai matar da aka bari da aure a kanta, ta jira har alƙali ya raba. Akwai hukuncin wanda ya ɓata a fiƙihu, da rabon gadon da ake jingine masa, da ɗan'uwan da ke son ya sayar. Akwai jikan da zai zo daga can da takarda a hannu yana neman dangi, ba ya jin Hausa sosai, a rasa ko baƙo ne ko ɗan gida. Kuma akwai matsalar da za ta gwada gwanintar marubuci: yaya za a rubuta maganar mutumin da Hausarsa ta tsaya a shekarar da ya bar gida, ba tare da an mai da shi abin dariya ba?

In ana neman hanyar da za a bi, ita ma daga ƙasarmu ta fito. Baba ta Karo, wadda ta tashi a yankin Zarewa da ke cikin Rogo a yau, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga da Turanci a 1954, Hausarsa kuma ta fito a 1991. Baba ba ta ƙetare teku ba. Amma dubi yadda take ba da labari: wa ya auri wa, me aka dafa ran suna, wa ke jin kunyar wa, yadda mahara suka kwashe matan gidansu aka bi sawu aka fanso su da wuri. Ba ta tsallake ƙaramin abu don ta kai ga babba, kuma daga ƙananan ne mai karatu ke gane zamanin gaba ɗaya. Abin da ke ɗan sosa mana rai shi ne sai da baƙuwa ta zo daga Ingila ta zauna da littafi da fensir kafin a ji muryar tsohuwar nan, alhali malaman makaranta irinmu suna kewaye da irinta.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. A watan Yuli na 2022 an yi rikicin ƙabilanci a jihar Shuɗin Nilu wanda ya rutsa da Hausawa, aka kashe mutane, wasu suka bar gidajensu. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan tsakanin sojan ƙasar da dakarun RSF. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disamban 2023, soja suka karɓe ta a Janairun 2025, kuma tsakanin waɗannan watanni jama'ar Jazira sun watse. Jinaina, wadda kakanninmu suka yada zango a cikinta, ta ga kisan da ba ya faɗuwa. Lambar wayar da muke samun jikokin tsohon nan namu da ita ta daina shiga tun a lokacin. Kaset ɗin kuwa an neme shi an rasa, wataƙila wani yaro ya ɗauki waƙa a kansa.

Da muka mayar wa yarinyar nan takardarta, mun ce ta koma wajen kakarta da tambaya uku: me ya ɗauka ranar da zai tafi, wa ya raka shi, kuma me ya faɗa a ƙarshe. Bayan hutun mako ta dawo da amsa. Ya ɗauki buta da allo da ƙullin garin gero. Kakar ce ta raka shi har bakin rafi, tana da shekara bakwai ko takwas, tana riƙe masa takalmansa. Abin da ya faɗa kuwa tsohuwar ta ce ba ta tuna ba, domin hankalinta yana kan takalman, tana jiran ya ce ta riƙe su har ya dawo. Ya karɓi abinsa ya rataya a wuya, ya shiga ruwa.