Shin Shawulu Ya Sake Suna a Hanyar Dimashƙu?

Akwai wani wa'azi da kusan kowane mai bi a ƙasar Hausa ya taɓa ji, daga Maraɗi zuwa Dogon Dutsi, har ƙetaren iyaka. Ana yin sa ranar baftisma, ana koyar da shi a makarantar Lahadi, matasa kuma sukan mai da shi wasan kwaikwayo lokacin babban taro. Ga yadda yake tafiya. Shawulu mai tsananta wa ikkilisiya ya kama hanyar Dimashƙu, haske daga sama ya kayar da shi, ya tuba, sai Ubangiji ya karɓe tsohon sunansa ya ba shi sabo, wato Bulus. Daga nan mai wa'azi sai ya juyo wajen masu jiran shiga ruwa, ya ce musu wanda ya zama sabon mutum dole ya ɗauki sabon suna. Wa'azin yana da daɗin ji, yana da sauƙin tunawa. Aibinsa ɗaya ne, amma babba ne: Luka bai rubuta haka ba.

Mai karatu ya buɗe Ayyukan Manzanni sura 9, ya bi ta a hankali. Da sunan Shawulu Yesu ya kira shi a hanya, bai kuwa ambaci wani suna dabam ba. Da Hananiya ya zo ya ɗora masa hannu, ɗan'uwa ya kira shi, ya haɗa da sunan nan na Shawulu. Aka yi masa baftisma yana Shawulu. Shawulu ne ya yi wa'azi a majami'un Dimashƙu, shi aka zurara a cikin kwando ta bayan garu. A sura 11 Barnaba ya tafi Tarsus neman Shawulu. A farkon sura 13 kuma, sa'ad da Ruhu Mai Tsarki ya umarci ikkilisiyar Antakiya ta keɓe mutum biyu domin aikin bishara, da sunan Shawulu ya ambace shi. In aka bi lissafin shekarun da manzon ya bayar a wasiƙarsa ga Galatiyawa, tsakanin tubarsa da wannan aike an yi fiye da shekara 10. Da a ce sunan yana da ƙazanta, da wuya Ruhun Allah ya ci gaba da kiran bawansa da shi tsawon wannan lokaci.

Sai a sura 13 aya 9 sunan Bulus ya fara bayyana, a tsibirin Kubrus, a gaban mai mulkin Romawa Sarjiyas Bulus. Ko a nan ma Luka bai ce an sake suna ba. Cewa ya yi mutumin yana da wani suna kuma, ya wuce abinsa. Dalilin a fili yake ga wanda ya san zamanin. Shawulu sunan Ibraniyanci ne, sunan sarkin Isra'ila na fari, wanda ya fito daga kabilar Biliyaminu, kabilar da manzon yake taƙama da ita. Bulus kuwa sunan Latin ne mai ma'anar ƙarami. Mutumin da aka haifa da ƴancin Roma, kamar yadda ya faɗa wa shugaban soja a sura 22, ba ya rasa sunan Romawa tun daga haihuwa. A cikin Yahudawa Shawulu ne, a cikin al'ummai Bulus ne. Luka, gwanin tsara labari, ya jira daidai inda bishara ta juya fuska zuwa ga al'ummai, sa'an nan ya juya sunan. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda yake da sunan yanka, da sunan rana, da laƙabin da kakarsa ta sa masa, kowanne da inda ake kiransa da shi.

Gaskiya ne malaman ikkilisiya na dā sun yi ta tofa albarkacin bakinsu a kan ayar. Jerom ya ga kamar manzon ya ɗauki sunan mai mulkin da ya ba da gaskiya ne, kamar tutar nasara. Agustin ya ce tawali'u ne ya sa ya zaɓi a kira shi ƙarami. Orijen na Iskandariya, wanda ya riga su duka, ya fi karkata ga cewa sunaye biyu yake da su tun asali, nassin kuwa ya fi goyon bayansa.

Abin da ya fi rushe wa'azin nan shi ne sunayen sauran masu bi. Diyonisiyas, ɗan majalisar Atina da ya ba da gaskiya a sura 17, sunansa daga gunkin ruwan inabi na Helenawa ya fito. Afolos, mai wa'azin nan na Iskandariya, yana ɗauke da sunan gunki Afolo. Abafaroditas, wanda ya kusa mutuwa saboda hidimar Bulus, sunansa ya samo tushe daga Afrodit, gunkiyar sha'awa. Fibi, mai hidimar ikkilisiyar Kankiriya, ita ma sunanta daga tatsuniyoyin allolin Helenawa yake. A yau wani dattijon ikkilisiya zai iya sa wa ƴarsa Fibi da murna, ya kuma hana baftisma ga wani Nomau ko Arzika har sai ya zama Piyer. Manzanni ba su nemi ko ɗaya cikin waɗannan mutane ya yar da sunansa ba. Mutanen ne suka wanke sunayen da halinsu, har suka zama abin da ake kira sunayen Kirista. A Antakiya ma akwai wani malami da ake yi wa laƙabi da kalmar Latin mai ma'anar baƙi, wadda rubutunta ya yi kama da sunan ƙasar Nijar, ko da yake kamar rubutu ce kawai. Laƙabin fata ne, aka kuma rubuta shi a Littafi yadda yake.

Masu kāre wa'azin sukan koma ga Abram da ya zama Ibrahim, da Yakubu da ya zama Isra'ila, da Saminu da ya zama Bitrus. Waɗannan gaskiya ne, amma a lura da abu biyu. Allah ne da kansa ya ba da sunan, domin alkawari ko wani aiki na musamman, ba doka ya kafa wa dukan masu bi ba. Cikin almajirai 12, yawancinsu sun mutu da sunan da iyayensu suka raɗa musu. Na biyu, ba koyaushe sabon sunan yake shafe tsohon ba. Bayan tashinsa daga matattu, a bakin tekun Galili, da sunan Saminu Yesu ya kira Bitrus har sau uku. Inda kuwa aka ga ɗan adam ya tilasta wa wani sake suna a Littafi, galibi mai iko ne yake nuna ya mallake shi. Fir'auna Neko ya mai da Eliyakim Yehoyakim. Nebukadnezzar ya mai da Mattaniya Zadakiya. A fadar Babila aka mai da Daniyel Belteshazzar, abokansa kuma Shadrak, Meshak da Abed-nego. Ƙasar Hausa ta san wannan hali tun zamanin bauta, lokacin da ubangida yakan sa wa bawa sunan da ya ga dama. Bai dace ikkilisiya ta zauna a wannan kujera ba.

Tarihin bishara cikin harshen Hausa yana da nasa misali. Dorugu yaro ne daga ƙasar Damagaram, aka kama shi bauta aka kai shi Barno. Shi da Abbega, wani saurayi Bamargi, suka sami ƴanci a hannun Bajamushe Oberweg, daga baya suka bi Abdulkarim Barth zuwa Ingila a 1855. A 1857 aka yi musu baftisma, aka kira ɗaya James Henry Dorugu, ɗayan Frederick Buxton Abbega. Dorugu ne ya zauna da Shon yana ba shi kalmomi da labarun da suka zama ginshiƙin littattafansa na Hausa, har da Magana Hausa na 1885. Ya rasu a Kano a 1912. Abbega kuwa ya koma Musulunci, ya zama sarkin Lokoja. Sunayen Turawa da aka ɗora musu ba su riƙe bangaskiyar kowa ba, ba su kuma ɗore ba. Duk mai neman su a tarihi, Dorugu da Abbega zai nema.

A ikkilisiyar Katolika dokar 1917 ta bukaci a ba mai baftisma sunan Kirista. Sabuwar dokar 1983 ta sassauta, ta ce dai kada sunan ya saɓa wa tunanin Kirista. Ikkilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM, wadda ta sauka Damagaram a 1924, ba su da irin waccan rubutacciyar doka ta Roma, amma al'ada takan fi doka ƙarfi, musamman in ta sami wa'azi mai daɗi ta jingina.

Wanda yake biyan kuɗin wannan kuskure shi ne sabon mai bi. A gidan Bahaushe suna ba na mai shi kaɗai ba ne. Rana ta bakwai aka taru, aka yanka rago, aka raba goro, uba ya zaɓi sunan mahaifinsa ko na yayansa da ya rasu. Uwa kuma saboda kunya ba ta kiran ɗan farinta da sunansa, sai ta yi masa laƙabi. Ran da yaron nan ya dawo gida ya ce shi yanzu Jak ne, abin da tsohon zai ji shi ne an yar da shi, an yar da mamacin da aka yi wa takwara. Tuntuɓen gicciye ya isa nauyi, ba sai an ƙara masa wani ba. Ga kuma maganar da maƙwabta suka daɗe suna yi, cewa bin Almasihu addinin Nasara ne da baƙin kudu, Bahaushe ba ya shigarsa sai ya bar Hausancinsa. Kowane Abdu da aka tilasta ya zama Andire, shaida ce aka miƙa wa masu wannan magana. Ba a ma zo kan wahalar takardun haihuwa da na makaranta da na gado ba, inda suna biyu yakan sa mutum ya yi ta zarya a ofisoshi.

Abin mamaki, Littafin da yake hannun mai wa'azin ya riga ya nuna hanya. Fassarar 1932 ta ce Yohanna, ta 1979 ta ce Yahaya. Ibrahim, Musa, Haruna, Dawuda, Sulemanu, Iliya, Zakariya da Maryamu duk suna ciki, su ne kuma sunayen da ake kira a kowace unguwa. Abdullahi bawan Allah ke nan, kusan daidai da ma'anar Obadiya, Kiristocin Larabawa kuma suna amsa shi. Ladi, Talatu, Balarabe, Tanko da Gambo kuwa ba su faɗi kome ba sai ranar haihuwa ko matsayin yaro a cikin ƴan'uwansa.

Duk da haka a yi wa ɗaya gefen adalci. Akwai wanda da kansa yake so ya ɗauki sabon suna domin shaida, ba kuwa yau aka fara ba. Yusibiyas ya ba da labarin wasu Masarawa masu bi da aka gurfanar a Kaisariya a farkon ƙarni na 4. Da alƙali ya tambayi sunayensu, sai suka amsa da sunayen annabawa, Iliya, Irmiya, Ishaya, Sama'ila da Daniyel, maimakon sunayen gumaka da iyaye suka ba su, aka kuwa kashe su. Haka nan wanda sunansa yake ɗaure da wani iskan bori da aka roƙa kafin a haife shi, ko wanda yake jin sunansa furcin wata bangaskiya ce da ya bari, lamirinsa zai iya hana shi sukuni. Irin wannan yana cikin al'amuran da Bulus ya bar wa lamirin kowa, kamar batun naman da aka miƙa wa gumaka. Mai sakewa kada ya raina mai riƙewa, mai riƙewa kada ya zargi mai sakewa. Tilas ɗin ne mugun abu, ko daga wane gefe ya zo. A Cadi, a 1973, Shugaba Tombalbaye ya yar da sunansa na Faransuwa ya zama Ngarta, ya umarci jama'a su bar sunayen Turawa, ya kuma tilasta tsafin yondo a kudancin ƙasar. Masu bi da suka ƙi shiga sun sha azaba, wasu fastoci sun rasa rayukansu, kafin sojoji su kashe shi a 1975. A can, riƙe sunan baftisma ne ya zama shaida.

Luka ya damu da suna ƙwarai, amma suna ɗaya ne. Da shi aka warkar da gurgu a ƙofar Haikali, saboda shi aka yi wa manzanni bulala suka fita suna murna, cikinsa ake yin baftisma. A sura 9 ɗin nan da ake wa'azi a kanta, aikin da aka ce Shawulu zai yi shi ne ya kai sunan Yesu gaban al'ummai da sarakuna da Isra'ilawa. Kalmar Kirista ma, wadda aka fara kiran almajirai da ita a Antakiya, sau uku kacal ta fito a Sabon Alkawari, alamu kuma sun nuna mutanen gari ne suka laƙaba musu ita. Sabon sunan da aka alkawarta a Wahayi sura 2, a kan farin dutse yake, Almasihu ne zai bayar, mai karɓa kaɗai zai san shi. Ba fasto ne yake rubuta shi a littafin baftisma ba.

A sura 15 manzanni da dattawa sun taru a Urushalima domin su yanke abin da ya wajaba a kan al'ummai masu tuba. An yi muhawara mai zafi, Bitrus ya yi magana, Barnaba da Bulus suka ba da rahoto. Da Yakubu ya tashi yanke hukunci, da tsohon sunansa na Ibraniyanci ya ambaci Bitrus, shekaru da yawa bayan Yesu ya ba shi sabon. Wasiƙar da suka aika Antakiya da Suriya da Kilikiya ta ƙunshi abu huɗu: a guji abin da aka miƙa wa gumaka, da jini, da abin da aka maƙure, da fasikanci. Waɗanda aka karanta wa ita Helenawa ne, da yawansu masu sunayen alloli, batun suna kuwa bai shiga cikinta ba.