Doki a Guje, Hoto a Tsaye: Nazarin Ɗaukar Hoton Sukuwa a Ƙonni da Adar

Idan ka duba hotunan dawakai da ke rataye a zaurukan Ƙonni, Malbaza da Illela, kusan duk iri ɗaya ne: mahayi ya sha rawani, zagi riƙe da linzami, doki tsaye ƙiƙam. Wannan gadon shagon hoto ne, inda ake ce wa mutum kada ya motsa. Amma martabar doki a sukuwa take, kuma a nan ne hotunan hawan salla suka fi ba ni takaici: ƙura ta fito sarai, doki kuwa dishi-dishi.

Lissafin ba wuya. Dokin da ke gudun kilomita 54 a awa yana cin mita 15 a daƙiƙa guda. Kyamarar da aka bari ta zaɓa wa kanta, musamman da la'asar sakaliya, takan ƙifta ido a 1/125 na daƙiƙa. Kafin ta rufe, dokin ya gusa santimita 12. A 1/1000 kuwa santimita ɗaya da rabi ne kawai, sai ka ga kofato da gashin wutsiya daki-daki. Da gajeriyar ƙiftawa irin wannan ne Eadweard Muybridge, a Kalifoniya cikin 1878, ya jera kyamara 12 ya nuna cewa doki a guje yakan ɗauke ƙafafunsa huɗu daga ƙasa lokaci guda, kuma a dunƙule ƙarƙashin ciki, ba a miƙe ba kamar yadda masu zane suka saba yi.

Don haka saurin ƙiftawa ake fara tsayarwa, wato saitin S a kyamarar Nikon, Tv a ta Canon, sauran su biyo baya. Kyamara za ta buɗe ƙofar haske da kanta, sai a ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600 in rana ta yi sanyi. Masu hoto da yawa na gudun haka saboda tsaki-tsakin da ke fitowa. Ban yarda da su ba. Mai doki zai karɓi hoto mai ɗan tsaki, amma ba zai biya kuɗin wanda ba a gane fuskarsa ba. Shanun da ke tafiya zuwa kasuwa ba su buƙatar duk wannan, 1/500 ta ishe su.

Abin da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba shi ne ƙurarmu. Cikin hunturu, ko bayan dawakai goma sun wuce, kyamara takan kama ƙura ta saki doki. Sai a sa ta a saiti mai bin motsi, AF-C ko AI Servo, a ɗora ɗigon saitin a ƙirjin dokin gaba, a tsaya inda iska ke kwashe ƙurar. Farar riga bisa akawal ma tarko ce: kyamara ta auna baƙin doki, ta ƙone aikin rigar. A rage haske kaɗan.

Sai dai wanda ya san hawa ya fi wanda ya san maɓallai. A jahi, ko a ƙofar Sarkin Ƙonni ko ta Sarkin Adar a Illela, akwai lokacin da mahayi ke ɗame linzami, doki ya turje, hannu ya tashi da jinjina. Gudu ya mutu a nan, don haka ko wayar salula tana iya kamawa, muddin an danna ɗauka a jere tun kafin dokin ya iso. Mai hoton da ya san inda dawakai ke turjewa, can zai kafa ƙafarsa tun kafin a fito da sarki.